Zoben da Ke Ƙarƙashin Tankin Alƙali

Injiniya bai taɓa taka harabar jami'a ba sai ranar da aka kira shi ya buɗe musu magudanar da ta toshe. Amma sunan ya bi shi, shi kuma bai ga dalilin kai ƙara ba. Mai gyaran famfo ne, a ƙarƙashin bahon wanke hannun mutane ya yi furfurarsa, kuma sana'ar ta bar masa cuta guda: ba ya iya wuce zoben roba. Ko a tsakiyar titi ya gani sai ya tsayar da babur ya ɗauka, ya hure, ya jefa aljihu. Da yamma ya juye aljihun a dakalin tagar banɗakin gidansa, da safe ya kwashe.

Yau ma haka aka yi. Tsohon Alƙali ya bugo waya tun gari bai gama wayewa ba, wai masai na benen gidansa yana zubar da ruwa tsakanin tanki da mazauni. Injiniya ya share dakalin da tafin hannu, ya zuba komai a aljihu, ya fita matarsa tana kicin. A gidan Alƙali ya kwance tankin ya tarar robar da ke tsakani ta ruɓe, ga shaguna ba su buɗe ba. Yana laluben aljihu sai hannunsa ya faɗa kan wani zobe da bai tuna inda ya tsinto shi ba. Fari ne, kaurin ɗan yatsa, mai laushi, in ka lanƙwasa shi ya miƙe da kansa. Aibinsa ɗaya, wani ɗan ƙululu a gefe. Ya sa reza ya shafe ƙululun, ya shafa wa zoben gam, ya ɗora tanki, ya ɗaure noti har sifana ta yi ƙara. Ya ja ruwa. Ko ɗigo.

"Wannan roba," ya ce wa Alƙali, "ko jikokinka sai sun gaje ta."

Yana bakin get yana shirin tada babur wayarsa ta yi ƙara. Malama ce, matarsa. Haka yake kiranta tun kafin aure, domin tun lokacin take koyarwa a firamare.

"Baban yara, kana ina?"

"Inda kika aike ni mana, neman na cefane."

"Ba wasa na kira ba. Ka ga wani abu a tagar banɗaki? Bayan sabulu."

Muryarta ce ta sa ya zare makullin babur. Ƙasa-ƙasa take magana, alhali ita kaɗai ce a gidan, yaran duk sun girma sun watse.

"Wane irin abu?"

"Zobe. Fari. Na roba."

"Au, wannan? Ai ya samu aiki. Yana ƙarƙashin tankin Alƙali, in gaya miki..."

"Innalillahi."



"Nawa ne," ta ce.

"Naki? Yaushe kika fara gyaran famfo?"

"Na asibiti ne. A jikina yake zama."

Injiniya ya zauna a kan babur. Ta yi bayanin da sauri, kamar mai cire ƙaya. Mahaifarta ce ta sauko. Tun bayan haihuwar auta abin ya faro, a hankali a hankali, har ya kai in ta daɗe a tsaye sai ta ji kamar tana zaune a kan ƙwallo, kamar cikinta zai zazzago ta ƙasa. Ga fitsari. In ta yi tari ko atishawa ko dariya, sai ya kuɓuce mata. Zoben ne yake tallafe mahaifar. Ƙululun kuma shi yake danne hanyar fitsari. Jiya da dare ta cire ta wanke kamar yadda Sistar asibiti ta koya mata, ta ajiye ya bushe.

"To ciwon bayan nan naki?" ya ce. "Wanda ya zaunar da ke zango guda?"

"Babu wani ciwon baya."

Ya tuna man zafin da ya yi ta sayowa, kwalba bayan kwalba, yana alfahari a majalisa cewa shi ya warkar da matarsa da kansa.

"Ka san yau wace rana ce," ta ce.

Ya sani. Mako guda ke nan tana zaunar da shi a kan ƙaramar kujera tana gwada darasi a kansa, yadda ruwa ke tashi ya zama girgije ya dawo ƙasa, shi kuma yana ɗaga hannu yana gardama. Yau da hantsi masu duba makarantu za su zauna a bayan ajinta. Hedimasta ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: bayan dogon fashin da ta yi, in ba ta iya tsayuwa ta kai darasi ƙarshe ba, za a karɓe ajin a mayar da ita sito, ta jira fansho tsakanin karyayyun kujeru.

"Ba za ki iya ba ko na yau kaɗai, babu shi?"

"Na taɓa gwadawa. Ƙurar alli ta sa ni atishawa a gaban allo. Wata yarinya ta ce, Malama, kin zauna a kan ruwa. Ban sake komawa ba sai da aka sa mini shi. Ka kawo mini abuna, Baban yara."

Ya sa hannu a aljihun riga. Ɗan ƙululun yana nan, domin ko abin da ya yanke ba ya iya yarwa. Ya dube shi a tafin hannunsa.

"Lafiyarsa ƙalau dai ko?" ta tambaya.

"Gani nan zuwa," in ji Injiniya.

Ya haura benen da gudun da bai san yana da saura ba. Ƙofar banɗakin a kulle take. Daga ciki yana jin motsin jarida.

"Ranka ya daɗe?"

"Waye?"

"Ni ne. Akwai ɗan abin da zan sake dubawa."

"Ana zama," in ji Alƙali, da muryar da ya yi shekaru yana ɗage shari'a da ita.

Injiniya ya tsaya a baranda da akwatin kayan aiki a hannu. Ya ji an juya shafi. Can kuma aka sake juya wani. A ransa yana ta ƙulla dabara: yana da gam mai kama ƙarfe ma, balle roba. Ya manna ƙululun, ya goge wurin da samfefa, ya wanke da ruwan zafi, wa zai sani? Da ya hango inda abin zai koma ya zauna, sai ya gane akwai haɗari. Amma bai saki dabarar ba, don ba shi da wata.

Da ƙyar aka ja ruwa. Tankin ya yi aikinsa tsaf, kamar mai yi masa gwalo. Alƙali ya fito da tabarau a karan hanci.

"Me za ka duba? Abu yana aiki."

"Robar ce, ranka ya daɗe. Ba ta dace ba."

"Ɗazu ka ce jikokina za su gaje ta."

"Na yi azarɓaɓi."

"To a cikin maganganun biyu wacce za mu rubuta? Ta ɗazu ko ta yanzu?"

"Ta yanzu."

"Kawo hujja."

Injiniya ya raɓa ta gefen tsohon, abin da bai taɓa yi wa mai gida ba, ya durƙusa ya rufe ruwa ya sa sifana. Notin da ya ɗaure ɗazu da alfahari yanzu ya ƙi motsi. Ya danna da ƙarfi, sifanar ta zame, bayan hannunsa ya daki bango, fata ta saluɓe. Wayarsa tana ta zillo a aljihu. Alƙali yana tsaye a kansa yana karanto masa hukuncin mai ɓata kayan da aka ba shi amana.

Hayaniyar ce ta hauro da matar Alƙali, dattijuwa mai tafiya a hankali tana dafa bango. Ta iso daidai lokacin da ya ɗaga tankin, ragowar ruwa ya malale a tayil, ya ɓanɓaro zoben. Ya baje, gam ya yi masa dabbare-dabbare, ga sawun reza a gefe.

Dattijuwar ta miƙo hannu. Ya ba ta, don bai san yadda ake hanawa ba. Ta juya shi sau ɗaya.

"Maigida, shayinka yana hucewa," ta ce.

"Ina cikin magana."

"Za ta jira ka. Sauka."

Alƙali ya dube ta, ya dubi masan da aka yi wa gunduwa-gunduwa, ya naɗe jaridarsa ya sauka. Ashe kowace kotu da ta sama da ita.

"Na wa ne?" ta tambaya.

"Na mai ɗakina."

"Ta san ka yanke shi?"

Ya nuna mata ƙululun, ya fara bayanin gam. Kallon da ta yi masa ya sa bayanin ya mutu a tsakiya.

"Kai ɗan nan, jikin mutum ne fa. Ko ƙwarzane ya yi ba a mayarwa, balle abin da ya kwanta a masai. Nawa ya fi wannan girma, ni ma na haifa da yawa. Je ka ɗauke ta ka kai ta inda aka sa mata. Kuma ka faɗa mata gaskiya tun a ƙofa, kada ka bari sai ta tambaya."

"Masan fa, Hajiya?"

"Akwai na ƙasa. Ya sauka ya motsa ƙafa."

A gida ya samu Malama zaune a bakin gado, ta sa doguwar rigarta mai ruwan sararin sama wadda ta goge tun shekaranjiya, jakar littattafai a cinya. Bai zauna ba. Ya buɗe hannuwa biyu, zobe a ɗaya, ƙululu a ɗaya.

Ta daɗe tana kallo. Ya so ta yi faɗa, faɗa abu ne da ya san yadda ake tarewa.

"Da reza?" ta ce.

"Da reza."

"Aikinka yana da kyau. Ko tabo babu."

"Tashi mu je asibiti. Amma da kin canza riga. Ki sa baƙar nan, ko da wani abu..."

"Shekara guda ina sa baƙi, Baban yara. Kullum baƙi. Ba ka taɓa tambaya ba." Ta miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙasan mara. "Yau ba zan sa ba."

A kan babur ya san kowane rami na hanyar, amma bai taɓa jin su ba sai yau. Duk wanda suka faɗa sai yatsunta su nutse a kafaɗarsa. Ya rage gudu, ta ce ya yi sauri. Ya ƙara, ta ce ya yi a hankali.

Sashen mata cike yake. Benci biyu na mata, tsofaffi da masu goyo, duk suka juyo suna kallon namiji guda da akwatin ƙarfe da hannu mai jini. Malama ta raɗa wa mai karɓar kati magana, aka shiga aka fito, sai ga Sista, gajeriyar mace mai tabarau a rataye a wuya. Ta ce a nuna mata tsohon zoben. Ya nuna.

"Wa ya yi wannan?"

Injiniya ya ɗaga hannu kamar a darasin girgije.

"Na ga wanda ɓera ya ci," in ji Sista. "Na ga wanda jika ya mayar abin wasa. Ban taɓa ganin wanda aka yi wa kaciya ba. Shigo, Malama. Kai kuma tsaya nan, kada ka gyara mana komai."

Labule ne kawai tsakani, saboda haka ya ji duk abin da ake yi. Ya ji ana jan durowa ana rufewa. Ya ji an sake jan wata.

"Mai ƙululu na awonki ya ƙare," in ji Sista. "Sai an kawo. Akwai wanda ya fi shi girma, amma zai ji miki ciwo, ba zan sa miki ba. Ga dai marar ƙululu daidai ke. Zai riƙe mahaifar, ki tsaya ki yi tafiya yadda kike so. Fitsarin ne ban ɗaukar miki alkawari ba."

"Sista, aji zan shiga. Yanzu."

"To ki saurara. Kina atisayen matsewar nan da na koya miki?"

"Ina yi. Safe da yamma."

"Yau za ki ci moriyarsa. Ki zubar da fitsari kafin ki shiga. Ki sa auduga. In kin ji tari ko atishawa na tahowa, kada ki jira ya iso. Ki tsaya cak, ki matse ƙasa kamar mai riƙe fitsari, ki riƙe, sannan ki sake shi ya zo. Tashi ki taka. Yi tari."

Ya ji tarin matarsa.

"Kin makara. Matsewa tukuna. Sake."

Ta sake. Ta kuma sakewa. Injiniya yana tsaye yana matse nasa jikin bai sani ba.

Da suka fito Sista ta tsare shi da ido. Ta ce ba tsufa ba ne kawai, ba kuma abin kunya ba ne, tsokar da ta ɗauki 'ya'yansa ce ta gaji. Ta ce in zobe da atisaye ba su wadatar ba akwai aikin da likita yake yi, za a zauna a yi shawara, kuma da shi za a zauna. Sannan ta tambaya wa yake ɗaukar bokitin ruwa a gidan.

"Muna da famfo," in ji Injiniya.

"Na kicin ya lalace tun bara," in ji Malama.

Ko mai karɓar kati sai da ta ɗago kai.

Sun iso makaranta motar masu dubawa tana tsaye a gindin bishiya. Hedimasta yana baranda yana kallon agogo, ya buɗe baki, Malama ta gaishe shi ba ta tsaya ba. Ta shiga banɗakin malamai, ta fito, ta gyara ɗankwali, ta shiga aji. Yara suka miƙe da gaisuwa. Mutum biyu suna zaune a baya, mace da namiji, kowa da biro.

Ba wanda ya ce Injiniya ya tsaya, ba kuma wanda zai bar baƙon namiji yana leƙen aji. Amma akwai famfon wanke hannu a jikin bangon, daidai ƙasan taga, kuma ba a tambayar mai sifana abin da ya kawo shi. Ya durƙusa ya kama wuyan famfon, wanda lafiyarsa ƙalau.

Daga nan yana ganinta ta gefe. Ta fara a hankali, kusa da tebur. Ta zana rana, ta zana kogi. Muryarta ta fara buɗewa. Ta bar tebur ta shiga tsakanin layuka, ta dafa kan wani, ta ɗaga littafin wata. Ya manta rabon da ya ga tana tafiya haka, ba tare da ta nemi abin dafawa ba. Ta koma gaban allo ta ɗauki tsumma ta share kogin don ta zana girgije.

Ƙurar allin ta tashi a cikin hasken taga.

Ya ga hancinta ya motsa. Maganarta ta tsaya a tsakiyar kalma. Ta tsaya cak, tsumma a hannu, bayanta ga aji, rigar nan mai ruwan sararin sama a gaban idon kowa. Macen da ke baya ta ɗago daga takardarta. Injiniya ya damƙe sifana da hannu biyu.

Atishawar ta zo, mai ƙarfi, har alli ya faɗi.

Bai iya ganin bayan rigar daga inda yake ba. Ya miƙa wuya, ya jingina da dukan nauyinsa, sifanar ta juya, kan famfon ya fita fit ya daki rufin baranda. Ruwa ya yi tsiri ya same shi daga cibiya zuwa gwiwa.

Aji ya ruɗe. Yara suka yo taga. Ga wani dattijo tsaye, wando sharkaf ta gaba, yana toshe bututu da babban yatsa, ruwa yana feso masa a fuska.

"Malama, wani baba ya yi fitsari a wando!"

Sai Malama ta juyo ta gan shi. Ya ga dariyar tana taso mata tun daga ciki, ya girgiza mata kai, yana roƙo da ido, kada, don Allah kada. Ta dafa tebur, ta tsaya cak, ta riƙe. Sannan ta saki. Dariya ce sosai, har da hawaye, irin wadda ya daina ji a gidansa bai ma lura ya daina ji ba.

"Ku koma ku zauna," ta ce tana share ido. "To, wa zai gaya mini, in baban nan ya tsaya a rana, ina ruwan wandonsa zai tafi?"

Hannuwa suka tashi kamar dawa. Namijin da ke baya ya sunkuyar da kai yana rubutu, kafaɗarsa tana rawa.

A tsaye ta kai darasin har aka buga ƙararrawa. Masu dubawa suka fito, macen ta riƙe hannunta suka yi magana, ta ce wa Hedimasta wani abu, shi kuma ya yi ta gyaɗa kai kamar dama ra'ayinsa ke nan. Injiniya ya riga ya mayar da kan famfon, yana tsaye a rana yana bin umarnin darasi.

Ta zo ta tsaya kusa da shi, tana kallon fili.

"Ajin?" ya tambaya.

"Nawa ne."

"Ɗaya maganar fa?"

"Atishawar na riƙe. Dariyar ce ta ɗan fi ƙarfina." Ta shafa bayan rigarta, a bushe. "Kaɗan ne. Audugar ta tare."

Wayarsa ta fara zillo. Alƙali ne. Ya dubi wayar, ya mayar aljihu.

"Ranar da za a kawo mai ƙululun, tare za mu je," ta ce. "Ka ji maganar aikin da kunnenka."

"Tare."

"Kuma ka samo gwangwani ka riƙa zuba tarkacenka. Tagar nan tawa ce."

Ta koma aji. Ya ɗauki akwatinsa ya nufi babur, yana tafiya a tattale saboda jiƙaƙƙen wando. Shaguna sun buɗe yanzu. Zai sayi robar Alƙali, amma sai ya fara biyawa ta layin masu kan famfon kicin.